Gani da Ji a Kalankuwar Notting Hill: Jerin Gwano ko Dandalin Sauti?

Duk shekara a ƙarshen watan Agusta, ranar Lahadi da Litinin ɗin hutu da ke bin ta, ana hana motoci shiga titunan Notting Hill da Ladbroke Grove da kewayensu a yammacin Landan, a bar wa masu ƙafa. Sama da mutum miliyan ɗaya ke kwararowa cikin kwana biyun nan. Masu kantuna su rufe gilasansu da katako, masu gashin kaza su kafa rabin duro a bakin hanya, hayaƙi ya turnuƙe, tutocin Jamaika da Trinidad da Girinada da Babados, har da na Najeriya da Gana, su cika kafaɗu. Suna ɗaya ake kiran abin da shi, kalankuwar Notting Hill, amma wanda ya shiga zai tarar biki biyu ne aka haɗa a unguwa ɗaya. Na farko yana tafiya: jerin gwanon masu ado da makaɗa da manyan motoci da ke zagaya unguwar a kan hanya mai tsawon mil uku da rabi. Na biyu a tsaye yake: dandalin sauti sama da talatin da ake kafawa a kusurwoyin titunan da ke tsakiyar da'irar, kowanne da tulin sifikunsa da jama'arsa.

Baƙo yakan zo da niyyar ganin duka. Cunkoso ne ke koya masa cewa hakan ba ta yiwuwa, domin tafiyar da ba ta wuce minti goma a ranar banza ba takan cinye sa'a guda a ranar Litinin ɗin biki. Dole ya zaɓa inda zai kashe yininsa. Zaɓin nan kuwa ya girme shi, tsohuwar muhawara ce tsakanin mutanen tsibirai biyu da suka haɗu a ƙasar baƙunta, kowa da abin da ya ɗauko daga gida.

Jerin gwanon na Trinidad ne. Turawan Faransa masu gonakin rake da suka shiga tsibirin daga 1783 su ne ke yin shagalin rufe fuska kafin azumin Kirista, bayi na kallo daga waje. Da aka kammala soke bauta a 1838, 'yantattu suka fito da nasu shagalin kan titi, da fitilun wuta da ganguna da wasan sanda, suna kwaikwayon iyayengijinsu na da, suna yi musu shaguɓe da waƙa. Hukumar mulkin mallaka ta Ingila ba ta so ba. A 1881 aka gwabza tsakanin 'yan sanda da masu biki a Port of Spain, kuma cikin shekarun da suka biyo baya aka hana kaɗa gangar fata a titi. Da aka karɓe ganga, mutane suka koma buga gora mai rami a ƙasa. Daga gora suka koma gwangwani da guntayen ƙarfe, har matasan unguwannin talakawa irin su Laventille suka gano, wajen shekarun 1930 da 1940, cewa in aka lotsa gindin duron mai, aka rarraba shi gida-gida da guduma, aka ƙona shi a wuta, kowane gida zai ba da nasa amo. Wannan ita ce gangar ƙarfe, abin alfaharin Trinidad, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa ranar 11 ga Agusta tun daga 2023. Jikokin mutanen Afirka ne suka ƙera ta, kuma masaniyar harshe Maureen Warner-Lewis ta rubuta cewa cikin kakannin mutanen tsibirin, ban da Yarabawa da mutanen Kongo, har da Hausawa.

Yadda al'adar ta sami gindin zama a Landan labari ne mai ɗaci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya ta buƙaci ma'aikata, mutanen Karebiyan suka amsa kira, jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke rukunin da aka fi tunawa a watan Yunin 1948. Notting Hill ta wancan lokaci unguwar ruɓaɓɓun gidaje ce, masu haya na cusa iyalai ɗaki-ɗaki, kuma nan ne baƙar fata ke samun wurin kwana bayan an rufe masa ƙofa a wasu unguwanni. A ƙarshen Agustan 1958 gungun matasan Turawa suka yi kwanaki suna farautar baƙaƙe a titunan unguwar, suna jifan gidajensu. A watan Mayun 1959 aka daɓa wa wani kafinta ɗan Antigua, Kelso Cochrane, wuƙa ya mutu, kuma har yau ba a hukunta kowa ba. Tsakanin waɗannan masifu biyu ne Claudia Jones, 'yar jarida haifaffiyar Trinidad da Amurka ta kora, ta shirya kalankuwar Karebiyan a cikin zauren St Pancras a watan Janairun 1959, don mutanenta su ɗaga kai. Fitowa titi sai a 1966, lokacin da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Rhaune Laslett, ta shirya wa yaran unguwa biki, ta gayyaci makaɗi Russell Henderson da abokansa. Suka rataya gangunan ƙarfe a wuya suka kama tafiya, mutane suka fito daga gidaje suka bi su. A titunan da aka kori baƙar fata da sanduna shekara takwas kafin nan, ga shi yana tafe a tsakiyar hanya da kiɗansa, babu mai ce masa kauce. Duk ma'anar jerin gwano tana cikin wannan tafiya.

Dandalin sauti kuwa ɗan Jamaika ne, kuma talauci ne ya haife shi. A Kingston ta ƙarshen shekarun 1940 da cikin 1950 talaka ba shi da kuɗin shiga inda makaɗa ke wasa, ba shi da garmaho a ɗaki. Sai masu dabara irin su Tom the Great Sebastian da Duke Reid da Coxsone Dodd suka haɗa manyan akwatunan sifika, suka kafa su a fili, suna sa faya-fayan Amurka, suna sayar da abinci da abin sha. Gasa ta yi zafi har mutum kan kankare sunan da ke jikin faifai don kada abokin hamayya ya san inda zai samo irinsa. Daga neman faifan da babu mai shi ne suka fara ɗaukar nasu mawaƙan, kuma ta nan aka sami kiɗan ska, aka zo rege, aka zo salon dub na King Tubby inda ake cire murya a bar ganga da amo mai kauri, shi kuma mai makirfo ya hau kai da nasa kirari, kamar yadda U-Roy ya shahara da yi. Duke Vin, wanda ya yi aiki da Tom, ya isa Ingila a 1954, ya haɗa nasa kayan sautin a shekarar da ta biyo. Da yake gidajen rawa na Turawa ba sa maraba da baƙar fata, a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na gidajen haya ake kunna kayan, a raba dare ana rawa, maƙwabta na kiran 'yan sanda.

Leslie Palmer ne ya haɗa gidajen biyu. Malamin makaranta ne ɗan asalin Trinidad, ya karɓi ragamar shirya bikin a 1973, lokacin da taron ke neman mutuwa. Ya lura cewa matasan da aka haifa a Landan, waɗanda da yawansu 'ya'yan Jamaikawa ne, rege suke ji, gangar ƙarfe ba ta jan su. Sai ya gayyato masu kayan sauti su fito da su daga ƙarƙashin ƙasa zuwa bakin titi, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu ado. Dattawan Trinidad da dama sun yi fushi, suna cewa faifai ba shi da hurumi a kalankuwa. Amma lissafi ya ba Palmer gaskiya: zuwa 1976 mahalarta sun kai wajen 150,000.

To, wannan asali ke nan. Shi kuma wanda ya je yau, me zai tarar a kowane ɓangare?

A dandalin sauti, jiki ne ke fara ji kafin kunne. Akwatunan katako ne da masu su suka ƙera da hannunsu, an ɗora su bisa juna sun fi tsawon mutum: manya masu faɗin baki a ƙasa don amo mai kauri, matsakaita a tsakiya don murya, ƙanana a sama don siririn sauti. In mai sarrafa na'ura ya riƙe amon ƙasa na ɗan lokaci sannan ya sake shi, za ka ji shi a ƙirji da tafin ƙafa, rigarka na rawa a jikinka, taron ya ɗauki ihu baki ɗaya. Aiki ne na mutane da yawa: akwai mai zaɓen faifai, akwai mai sarrafa na'ura, akwai mai makirfo, akwai samarin da ke dakon akwatuna tun asuba. In waƙa ta yi wa jama'a daɗi sai su nemi a mayar da ita farko, mai zaɓe ya tsayar da faifai ya sake ɗora allura. Wasu tsofaffin gidajen har yanzu da garmaho ɗaya suke aiki, saboda haka tsakanin waƙa da waƙa akwai ɗan shiru da mai makirfo ke cikewa da gaisuwa da wa'azin zaman lafiya.

Abin da ya fi burge ni a wannan ɓangare shi ne riƙon wuri. Channel One, wadda Mikey Dread da ɗan'uwansa Jah T suka assasa, tana kafa kayanta a bikin tun 1983, kuma masoyanta sun san kusurwar Leamington Road Villas kamar ƙofar gidansu. Aba Shanti-I na can arewa wajen East Row da rege mai nauyi. Rampage ta mayar da Colville Square matattarar matasa. Gaz's Rockin' Blues na Talbot Road da tsohon kiɗan ska. Abokan da rayuwa ta raba, wani ya koma Birmingham wani Bristol, ba sa buƙatar yin alkawari da juna, kowa ya san a gaban wane akwati zai tarar da ɗan'uwansa. Wanda ya tsaya a wurin yana saurayi yau yana zuwa da ɗansa a kafaɗa, an toshe wa yaron kunne. Kuma ƙofa a buɗe take ga sabon kiɗa. Norman Jay ya shigo da kiɗan baƙaƙen Amurka da gidansa na Good Times a farkon shekarun 1980, Linett Kamala ta hau kan na'ura tana yarinya a 1985 lokacin da ake ganin aikin na maza ne, yau kuma waƙoƙin Legas da Accra da na Afirka ta Kudu sun sami wuri. Ba a biyan ko kwabo. Ba a tambayarka daga ina kake. Ka iso, ka tsaya, ka zama ɗan gida.

Jerin gwano ba ya karɓar mutum da sauƙi haka. A nan akwai igiya. Kowace ƙungiya tana tafe a bayan motarta, masu tsaro riƙe da igiya ta kowane gefe, waɗanda suka yi rajista a ciki, sauran jama'a a waje. Kayan ado na gashin tsuntsu da duwatsu da ƙyalƙyali kan ci fam ɗaruruwa, na sahun gaba ya fi haka. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya shiga ƙungiyar da riga kawai take sayarwa. Ga jira: mota ta tsaya cik rabin sa'a saboda ta gaba ta maƙale, ko kuma ka tsaya a bakin hanya kana kallon sarari tsakanin ƙungiya da ƙungiya. Akwai kuma wani abin da masu kishin al'adar da kansu ke kuka da shi. Motocin da ke ɗauke da sifiku masu buga kiɗan soka sun yi ƙarfin da gangar ƙarfe ba ta jin kanta in ta biyo bayansu, kuma ado ya karkata ga tsiraici da ƙyalli iri ɗaya, ana ta barin tsofaffin shigogi masu ɗauke da labari. In a kan sauƙin shiga da yawan jama'a za a yanke hukunci, dandalin sauti ya yi nasara tun kafin a fara.

Sai dai ba nan ma'auni ya tsaya ba. Abin da mai kallo ke gani ya wuce ta gabansa cikin minti biyar aikin shekara ne. Wanda ya san hawan Daushe a Kano ya san cewa kwalliyar doki ɗaya ta ratsa hannun baduku da maɗinki da maƙeri kafin ranar, to haka nan ma. Kowace ƙungiya tana da sansaninta, wani a ɗakin taro na coci, wani a shago, wani a ƙarƙashin gadar sama ta Westway. A nan ake zaɓen jigon shekara, a zana, a lanƙwasa waya da sandunan roba, a yanka yadi, a manna ƙyalƙyali ɗaya bayan ɗaya. Kakanni mata na ɗinki, jikoki na miƙa almakashi, ana dafa abinci ana hira har dare. Mahogany, ƙungiyar Clary Salandy da ke Harlesden, ta yi suna wajen manyan siffofi masu fikafikai da mutum ɗaya ke ɗauka a bayansa yana rawa, faɗinsu ya kusa cike titi. Peter Minshall, wanda daga baya ya zama gwanin gwanaye a Trinidad, ya yi wa wannan biki zanen kaya a farkon shekarun 1970. Wannan sana'a ce ta hannu, kuma ba a koyon ta a intanet, sai an zauna kusa da wanda ya iya.

Haka ma gangar ƙarfe. Yammacin Asabar, kafin a fara biki a titi, ake gasar Panorama a filin Emslie Horniman. Ƙungiyoyi masu makaɗa gommai ke hawa, kowacce ta buga waƙa ɗaya mai tsawon kimanin minti goma, da ka, ba takarda a gaban kowa. Wani yana da ganga ɗaya mai siririyar murya, wani yana tsakiyar duro shida yana juyawa. Makonni suke yi suna bita kowane dare kafin su kai ga haka, kuma da yawan makaɗan 'yan makaranta ne. Ebony, wadda aka kafa a 1969, ita ta fi kowa cin gasar. Babbar abokiyar hamayyarta Mangrove ta samo sunanta daga gidan abincin Frank Crichlow da ke All Saints Road, wanda 'yan sanda suka dinga kai wa samame har mutane suka yi zanga-zanga a 1970, aka gurfanar da tara daga cikinsu, kotu ta wanke su daga manyan tuhume-tuhume a 1971. Yarinyar da ke riƙe da sandunan kiɗa a wannan ƙungiya tana koyon waƙa, tana kuma koyon tarihin titin da take tsaye a kai.

Tsofaffin shigogin ma ba su ɓace ba, ga mai haƙurin nema. Akwai masu tafiya a kan dogayen sanduna, kansu ya kusa taɓa tagar bene, al'adar da asalinta ke komawa Afirka ta Yamma. Akwai 'yan Girinada da ke shafe jiki da baƙin mai, su sa ƙaho, su ja sarƙa a ƙasa. Wanda bai sani ba zai tsorata ko ya ƙyamata. Wanda ya sani zai gane cewa jikokin bayi ne ke jan sarƙar da aka ɗaure kakanninsu da ita a gaban idon birnin da ya ci ribar cinikin. Babu wani faifai, komai daɗinsa, da ke faɗin wannan magana yadda jikin mutum mai tafiya a titi ke faɗin ta.

Ta fuskar haɗari kuwa, kowane ɓangare da nasa, kuma ban ga amfanin ɓoyewa ba. Jerin gwano yana motsi, saboda haka jama'a na warwatsuwa a tsawon hanya, in ban da mashigai irin na Ladbroke Grove inda ake matsewa. Dandalin sauti yana tara dubbai a siririn titi mai gidaje hagu da dama, kuma daga ƙarfe uku na yamma zuwa bakwai, lokacin da ake kashe kaya, akwai wuraren da mutum ba ya iya ɗaga hannu. Turmutsitsi ne babban abin da ke hana masu shiri da 'yan sanda barci, har masu shirin suka fito a 2025 suna neman ƙarin kuɗi don kula da taro. A 2025 an baza 'yan sanda kimanin 7,000 kowace rana. Tarihin dangantakarsu da bikin ba mai daɗi ba ne, tun arangamar 1976 da ta taso daga yawan tsare matasa baƙaƙe bisa zargi kawai, amma ba wanda zai ce a yi taro irin wannan ba tsaro. A 2024 mutum biyu sun rasa rayukansu, ɗaya uwa ce da aka soka wa wuƙa ranar Lahadi a gaban ƙaramar 'yarta. Jaridun da ba sa son bikin kan yi amfani da irin wannan don neman a kai shi wani fili a sa tikiti. Ban yarda da su ba, amma wanda ke son bikin shi ya fi cancanta ya ji zafin wannan mutuwa.

Su ma mazauna unguwar ba bakinsu ɗaya ba. Gidajen da aka cusa baƙi a ciki a shekarun 1950 yau na masu miliyoyin fam ne, kuma da yawan iyalan da suka kafa bikin tsadar haya ta kore su zuwa wasu sassan birni. Wasu sababbin mazauna kan kulle gida su bar gari. Wasu kan kafa tebur a ƙofa su sayar da abinci, ko su karɓi kuɗi a shiga banɗakinsu. Mai gidan da aka kafa wa sifiku a ƙarƙashin taga ya fi shan wahala a kan wanda jeri ke wucewa ta gabansa, wannan gaskiya ce. Amma akwai lokacin da duka unguwar ke zama abu ɗaya. Ranar 14 ga Yunin 2017 gobara ta cinye dogon benen Grenfell, ɗan taƙi kaɗan daga hanyar bikin, mutum 72 suka mutu, akasarinsu talakawa da baƙi. Tun daga 2018, da ƙarfe uku na yamma, ana kashe kowane injin sauti, motoci su tsaya, makaɗa su sauke sanduna, a yi shiru na sakan 72. Bikin da aka kai wani fili mai shinge ba zai iya yin wannan ba, domin mamatan maƙwabtan titin ne.

Ga mai karatu Musulmi, wajibi ne in faɗi abin da zai tarar. Akwai giya a fili, akwai warin wiwi, akwai shiga da rawar da tarbiyyarmu ba ta yarda da su ba, musamman ranar Litinin, kuma a ɓangarorin biyu. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, zamansa a gida ba laifi ba ne. Wanda kuma ke son ganin al'adar ba tare da ya kutsa cikin abin da zai dame shi ba, yana da daren Asabar na gangar ƙarfe da safiyar Lahadi, ranar yara, inda 'yan shekara biyar da goma ke fitowa cikin kayan da iyayensu suka ɗinka. Unguwar kanta ba baƙuwar Musulunci ba ce: Golborne Road cike take da mutanen Maroko, kuma masallacin Al-Manaar da ke Acklam Road, wanda ya buɗe ƙofarsa ga waɗanda suka tsira daga Grenfell, yana cikin da'irar bikin.

Idan na ɗora su a sikeli, ga abin da nake gani. Dandalin sauti shi ya cika bikin da jama'a, shi ya ba matasan da aka haifa a Ingila dalilin zuwa, kuma shi ne ɓangaren da ya rage kyauta ga kowa. Ba don shi ba da wataƙila abin ya tsaya ƙaramin taron 'yan tsibiri ɗaya. Wannan bashi ne da masu ado da makaɗa ba za su iya musantawa ba. Amma mai kayan sauti yana da sauran shekara. Ranar Talata zai loda akwatunansa, mako mai zuwa ya kafa su a wani zaure a Brixton, wata mai zuwa a Faransa ko Italiya, masoyansa su biya su shiga. Mai ɗinka fikafikai ba shi da wata rana sai wannan. Ƙungiyar gangar ƙarfe mai makaɗa gommai ba ta da wani dandali da zai ɗauke ta in ba titi ba. An ga alamar haka a 2020 da 2021 da annobar korona ta hana fita: masu faifai sun ci gaba da watsa kiɗansu ta intanet, sansanonin ado kuwa suka rasa abin yi wa aiki. Abin da ya fi rauni, ya fi cin wahala, ya kuma fi riƙe yara da tarihi, shi ya fi buƙatar a tsaya masa, kuma shi ne ke faɗa wa Landan dalilin da ya sa ake rufe waɗannan tituna, ba wasu ba.

Saboda haka na ba jerin gwano rinjaye, duk da igiyarsa da tsadarsa da jiransa. Kai da ke Landan ko kake shirin zuwa a ƙarshen Agusta, fara da Panorama ranar Asabar, ka fito da wuri ranar Lahadi ka sami wuri a Great Western Road inda alƙalan gasar jerin gwano ke zama, domin a nan kowace ƙungiya ke nuna iyakar gwanintarta. In ka ƙoshi da kallo, ka ratsa ciki ka tsaya a gaban Channel One ko Aba Shanti-I da abin toshe kunne a aljihu, ka kuma kama hanyar gida kafin ƙarfe shida, tun tituna ba su toshe ba.